Zaman Makokin Mista Kan a Manfuha

Tun kuna ƙanana kuke jin kawunku Bello yana ba da labarin wai 'yan Koriya sun kore ni daga aiki ne saboda na ɓoye ɗan leƙen asiri a gidana. Duk taron suna ko ɗaurin aure sai ya maimaita, kuma kowace shekara labarin ƙara kumbura yake yi, har na ji an ce da bindiga aka zo aka fitar da mutumin. A lokacin Bello yana Makka yana sayar da carbi, ko hanyar Riyad bai sani ba. Ni abin ya faru a kaina, don haka ku saurara. Korar dai gaskiya ce. Ɗan leƙen asiri kuwa babu shi, wani bawan Allah ne kawai da ubansa ya mutu.

A ƙarshen shekarun saba'in ne, lokacin da kuɗin mai ya haukata garin. Titin da ka bi jiya, yau ka tarar an haƙe shi. Ina direba a wani kamfanin gine-gine na Koriya ta Kudu da ke gina rukunin gidaje a gabashin gari, wajen da yanzu ake kira Nasim, a lokacin fili ne fetal. Mutanen nan suna zaune a sansani, maza zalla, babu mace babu yaro. Da asuba a busa usur, su jeru gaban tutarsu, su rera taken ƙasarsu, su motsa jiki, sannan su faɗa aiki kamar ana korarsu. Ni ƙaramar motar ofis nake ja, kuma saboda ɗan Turancin da na tsinta a Kaduna aka haɗa ni da wani injiniya mai suna Mista Kan. Siriri ne mai gilashi, ba ya ɗaga murya. Shi ake aikawa wurin dillalan injinan Japan, don yana jin yarensu kamar ruwa. Abin da na fara lura da shi, ba ya cin abinci a ɗakin cin abinci. Sai ya ɗauko kwanonsa na shinkafa da kabejin nan mai yaji da suke tsimawa, ya zo ya zauna a mota kusa da ni. Da na gaji da warin, rannan na tambaye shi me ya haɗa shi da 'yan uwansa. Maimakon ya amsa, sai shi ma ya jefo mini tambaya.

"Garba, kai ɗan ina ne?"

"Ɗan Najeriya. Katsina."

"Ka gani? Ko numfashi ba ka ja ba. Ni in aka tambaye ni, sai na fara duba wa ke tambayar."

A ranar ya warware mini, mu biyu a mota, da Turancinmu da duk ya karye da ɗan Larabcin kasuwa. Lokacin da Japan ke mulkin ƙasarsu aka kwashi mahaifinsa zuwa can aikin ƙarfi, shi kuma a Osaka aka haife shi. Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare Japan ta ce su ba nata ba ne. Kafin su juya su koma gida, gidan ya rabe biyu, Kudu da Arewa. Rabuwar ta bi su har unguwarsu a Osaka: ƙungiya biyu, makaranta biyu, maƙwabcin da kuka taso tare ba ya zuwa bikinka in ba ɓangarenku ɗaya ba. Tsohon nasu ya ce shi ƙasa ɗaya ya baro, ba zai zaɓi rabi ba, ya ƙi karɓar fasfon kowa, amma duk abokan zamansa 'yan ƙungiyar Arewa ne. Yayan Mista Kan ya shiga jirgin ruwa ya tafi Arewa da murnar ya koma gida, daga nan ba a sake barinsa ya fito ba. Shi kuma ya karɓi fasfon Kudu don ya samu aikin waje, tsohon ya daɗe ba ya amsa gaisuwarsa. A Japan suna kiransa da wani suna, a sansani da wani. Yaren Koriya a bakinsa da gargada yake fita, ma'aikata na kwaikwayonsa, suna ce masa rabin Japan.

Na ce masa, "To ku ba kamarku ɗaya ba? Ba abincinku ɗaya ba?"

Ya yi dariya ya ce ai nan matsalar take.

Shugaban sansanin shi ne Mista Yun, tsohon soja, gajere mai kauri, wanda fasfon kowa ke kulle a akwatin ƙarfensa. Wata rana ya kira ni ofis, ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba, ya ce yana son in riƙa gaya masa duk inda Mista Kan ya je da wanda ya gani. Ban ga abin ɓoyewa ba, na zayyane masa: yana zuwa gidan waya ya kira Osaka, yana cin ful da tamis, wato wake da burodi, a shagon wani Bayamane, yana zagaya kantunan rediyo a kasuwar Batha ya tattaɓa ba ya saye. Mista Yun ya ɓata rai kamar na hana shi haƙƙinsa. Duk mako sai ya sake kirana, duk mako ful da tamis nake kai masa. Har na ce masa, ranka ya daɗe, in wani abu kake so na daban ka faɗa mini sunansa, don ni abin da idona ya gani ke nan.

Ana haka tsohon ya rasu. A wurin dillalan Japan aka sanar da Mista Kan ta waya. Ya fito ya shiga mota ya zauna, ya cire gilashinsa ya riƙe a hannu har muka isa sansani. Kai tsaye ya shiga wurin Mista Yun neman fasfonsa da bizar fita. Ina tsaye a waje ina jin ihu, duk na mutum ɗaya. Abin da na fahimta daga baya, Mista Yun ya ce 'yan ƙungiyar Arewa ne za su yi jana'izar, in ma'aikacinsu ya tsaya a cikinsu gwamnatinsu za ta tuhumi kamfani, don haka babu inda za shi sai kwangila ta ƙare.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan la'asar, ina kishingiɗe a gidanmu na Manfuha, ɗaki biyu ne da 'yar tsakar gida, sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, ga Mista Kan da 'yar jaka, takalminsa ya yi futu-futu. Sau ɗaya ya taɓa ganin gidan, ranar da na tsaya ɗaukar wani abu, ashe ya riƙe hanya. Ya ce ba zai iya kwana cikin mutanen da ko sannu ba su ce masa ba, kuma ni kaɗai ya sani a garin. Ku da kuka taso yanzu ba ku san nauyin wannan ba. Ma'aikacin da ya bar kafilinsa, wato wanda ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, mai laifi ne a idon shurɗa, 'yan sandansu ke nan, wanda ya ba shi masauki kuma iƙamarsa, takardar izinin zamansa, ce ke cikin haɗari. Ga ɗanmu Aminu yana goye, ko zama bai fara ba. Na shigar da shi ɗakin baƙi na leƙa wurin Ummanku.

"Malam, ɗan China ka kawo mini gida?"

"Ba ɗan China ba ne, ɗan Koriya ne."

"Ko ɗan ina ne, ya sha ruwa ya kama gabansa. Kana so a watsa mu a mota a kai mu Jidda? Ni in aka kore ni ina za a kai ni?"

Gaskiyarta ce, kuma ra'ayina ke nan ni ma. Na ce to, bari ya huta, gobe in lallaɓa shi in mayar da shi. Kuskuren da ya jawo komai shi ne da ta tambaye ni me ya koro shi, na zauna na ba ta labarin daga farko. Kun san Ummanku a Makka aka haife ta, iyayenta sun taho daga Kano a ƙasa ta Sudan. Larabawa na ce mata Takari, fasfonta na ce mata 'yar Najeriya, ita kuwa ko a mafarki ba ta taɓa ganin Najeriyar ba. Ina magana tana jijjiga Aminu, a hankali ta daina jijjigawar.

"An haife shi a can, sun ce ba nasu ba ne?"

"Haka ya ce."

"Nasun kuma sun ce bai iya magana ba?"

"Haka ne."

"To babu inda za shi. Ubansa ya mutu, zaman makoki zai yi."

Na ce mata ke ba yanzu kika ce ya kama gabansa ba? Ta ce ɗazu ɗazu ne. Na tuna mata shurɗa, na tuna mata iƙama, duk abin da ita da bakinta ta faɗa mini. Ta miƙe ta ɗora tukunya.

Da baƙon zai taimake ni da sauƙi, amma shi ma taurin kansa ya ishi mutum goma. Washegari na shiga na tarar ya jingina hoton tsohon a bango bisa kwali, yana roƙon a ba shi kwanon shinkafa da ruwa ya ajiye a gaba, zai durƙusa ya sa goshi a ƙasa, wai haka ɗa ke yi wa uba a wurinsu. Na ce masa Mista Kan, ka ci ka sha ka kwana, amma a gidan nan Allah kaɗai ake sa wa goshi a ƙasa. Ya yi fushi, ya ƙi cin abinci, ya juya fuska bango. Ni na ɗauki kasada a kansa, ni kuma ake yi wa yaji a ɗakina. Ummanku ta ce ta san maganin abin. Ta dafa shinkafa babbar tukunya da naman rago, ta ce in gaya masa a wurinmu in uba ya mutu ciyar da mutane ake yi, ya fito ya rarraba da hannunsa. Ni ina ta ƙoƙarin kada kowa ya san da mutum a gidan, ita kuwa ta aika gida-gida a layinmu cewa an yi wa baƙon Malam Garba rasuwa. Kafin magariba ɗakin ya cika. Direbobi, masu gadi, ɗaliban jami'a da litattafansu a hammata, kowa ya shigo ya miƙa masa hannu ya ce Allah ya ba da haƙuri, ina fassarawa. Mista Kan yana zaune a kan tabarma yana sunkuyar da kai ga kowa, hawaye na bin gilashinsa. Ban hana ba, ba na iya hanawa. Amma na san an gama, domin cikin masu cin shinkafar har da wani direban Sudan na kamfaninmu, mutumin kirki wanda bakinsa ba ya riƙe komai.

Ba a daɗe ba kuwa, wata safiya da hantsi, ga Mista Yun a ƙofa shi kaɗai. Ya cire takalmi, ya shigo, ya ƙi zama. Suka fara da yarensu, shi a tsaye, Mista Kan a zaune. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga inda abin ya ɓaci: Mista Kan ya zo tsakiyar magana kalma ta ɓace masa, ya cike da yaren Japan. Mista Yun ya daki bango da tafin hannu har ƙasa ta zubo. Aminu ya farka ya tsala ihu. Daga bayan labule Ummanku ta ɗaga murya da Larabci ta ce wanda duk ya sake tayar mata da yaro, da muciya za ta raba faɗan. Na fassara masa a taƙaice. Ya zauna. Sai ya juyo wurina, ya koma Turanci, yana nuna Mista Kan da yatsa.

"Ka san ni ɗan ina ne, Garba? A Arewa aka haife ni. Ina yaro muka gudo da ubana, muka bar uwata muka ce za mu dawo mu ɗauke ta. Ban san ranar da ta mutu ba. Ban ma san ko ta mutu ba. Ni wa ya ba ni fasfo na je na binne ta? Shi kuma yana so ya je ya tsaya cikin masu yi wa mutanen nan tafi!"

Mista Kan ya ce, "Ubana zan binne, ba tafi zan je yi ba."

Ni a nan haƙurina ya ƙare. Na ce ashe ku duka biyu marayu ne, ku duka rabuwar nan ta cinye muku gida, amma ba ku ga inda za ku yi kokawa ba sai kan tabarmata, a Manfuha, gidan mutumin Katsina da bai san ma inda aka ja muku iyakar ba. Babu wanda ya kula ni. Idon Mista Yun ya kai kan hoton da ke jingine. Ya tambayi shekarun tsohon, aka gaya masa. Sai kawai ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya haɗe ƙafafu, ya sunkuya wa hoton har rabin jiki. Abin da na hana baƙona, wanda ya jawo mini yaji, shi wannan ya zo ya yi a gabana ba tare da ko neman izini ba. Ya ɗago kuma ya ci gaba da faɗa daga inda ya tsaya.

Kafin ya tafi ya ja ni waje ya shimfiɗa mini abin da ke ransa. Bai kai ƙara wurin shurɗa ba, don abin kunya ne ga kamfani. Amma dole ya ba babban manaja dalilin da ma'aikaci ya gudu, kuma ba zai ce don an hana shi binne uba ba ne. Yana so in tsaya gaban manaja in ce na sha kai Mista Kan wurin wasu mutane da ban yarda da su ba. In na faɗa, aikina na nan. In na ƙi, ni ne direban da ya ɓoye ma'aikacin kamfani. Na koma ciki na gaya musu. Mista Kan ya ce in faɗa kawai, ai ko na faɗa ko ban faɗa ba sun riga sun yanke masa hukunci. Ummanku ta ce in na yi wa maraya shaidar zur in nemi mai dafa mini abinci. Kada ku ɗauka jarumta ce ta sa na ƙi. Rantsuwa a kan ƙarya ba zan yi ba, wannan ɗaya. Na biyu kuma haushi ne, haushin su duka. Na tsaya gaban manaja na ce masa ful da tamis.

Aka sallame ni. Alherin da Mista Yun ya yi mini ɗaya ne, ya sa aka sake ni in nemi wani kafili maimakon a mayar da ni gida. Na daɗe ina zaune kafin na samu tuƙin tankar ruwa wurin wani Balarabe mai zafin rai, wanda bai san wani abu wai shi hutu ba. Tafiyar da muka shirya a shekarar, in kai Ummanku ta ga Katsina, in ɗora Aminu a cinyar kakarku, ta rushe. Kafin mu samu zuwa kakarku ta rasu, ba ta ga ko ɗayanku ba. Wannan shi ne abin da rigimar mutanen Koriya ta ci mini, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Mista Kan kuwa aka soke kwangilarsa, aka yanke masa tikiti, ba zuwa Osaka ba, zuwa Seoul, garin da ya ce mini bai fi 'yan kwanaki ya taɓa yi a cikinsa ba, kuma bai san kowa ba. Ko ya samu ya ga kabarin ubansa, ban sani ba, ban sake jin labarinsa ba. Kai shi filin jirgi shi ne aikina na ƙarshe a kamfanin, tsohon filin da ke cikin gari, don sabon na arewa ba a gama shi ba tukuna. Ummanku ta ƙulle masa dabino da soyayyen nama a leda. Mista Yun ya zauna a gaba riƙe da fasfon, ya ce sai a gaban jami'i zai sake shi. 

Na ɗauko jakar na bi su har wurin duba takardu. Jami'in wani saurayi ne Basaudiye, ya buɗe fasfon yana hamma, ya ga an rubuta wurin haihuwa Osaka, ya dubi bangon fasfon, ya dubi Mista Kan.

"Aboki, kai Bakoriye ne ko Bajapane?"

Mista Kan ya buɗe baki, ya tsaya, kamar yadda ya saba. Kafin ya samo amsa sai Mista Yun ya matso ya buga kanta, ya daka tsawar da ta sa duk layin suka waiwayo.

"Bakoriye ne! Ba ka iya karatu ba?"

Jami'in ya buga hatimi ya miƙa. Mista Kan ya juyo ya daɗe yana kallon Mista Yun, shi kuwa ya kafe idonsa a kan agogon bango. Daga nan ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya sunkuya, ya ɗauki ledarsa ya shige.

Da muka fito na kasa haɗiye maganar. Na ce wa Mista Yun, ranka ya daɗe, wannan kalmar da ka faɗa yanzu, da ka faɗe ta sau ɗaya a ɗakin cin abinci, da shi yana da wurin zama, ni ma ina da aiki. Ya dube ni, fuskarsa ta yi ja, na ɗauka zai ce wani abu. Sai ya miƙo hannu ya ce in ba shi makullin mota. Na ba shi. Ya shiga ya tayar, mota ta yi tsalle ta mutu, ya sake tayarwa ta sake mutuwa, don rabonsa da tuƙi tun yana soja. Ina jin yana ƙwala mini kira, Garba, Garba. Ban waiwaya ba, na tsallaka titi na tsaya jiran motar Batha.